Shin Ko Kun San? Kundayen Rok Da Metal A Gaban Masu Sharhi

Shin ko kun san cewa kundin waƙoƙin da ake ɗauka shi ne mafarin kiɗan metal, a yini ɗaya aka naɗe shi, kuma da ya fito masu sharhi suka yi masa kaca-kaca? Kundin farko na ƙungiyar Black Sabbath ke nan. Samari ne huɗu daga unguwar Aston a Birmingham, birnin masana'antu na Ingila. Sun shiga situdiyo a Landan cikin Oktoban 1969, suka buga waƙoƙinsu yadda suka saba bugawa a dandali, kashegari suka kama hanyar wani wasa da ke jiransu a ƙetare. Aka saki kundin ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1970, irin ranar da Turawa ke camfawa. Lester Bangs, wanda ba a kai shi kaifin alƙalami ba a mujallar Rolling Stone ta Amurka, ya ce kwaikwayon ƙungiyar Cream kawai suke yi, kwaikwayon ma bai yi kyau ba. Matasa ba su bi ta kansa ba. Kundin ya hau mataki na 8 a jadawalin cinikin Birtaniya.

Ga wanda bai saba da harkar ba: rok kiɗa ne na jitar lantarki da ganguna da murya mai ƙarfi, metal kuma reshensa ne da ya fi nauyi da amo da tsawa. Tun daga wajen 1967 mujallu suka ɗauki al'adar yanke wa kowane sabon kundi hukunci, daga baya aka shigo da taurari da maki. Robert Christgau na jaridar Village Voice ma haruffa yake bayarwa tun 1969, daga A zuwa E, irin na malamin makaranta.

Ko kun san cewa wancan nauyin sauti na Black Sabbath yana da alaƙa da haɗarin masana'anta? Tony Iommi, mai jitarsu, yana ɗan shekara 17 yake aiki a wurin sarrafa fallayen ƙarfe. A ranarsa ta ƙarshe, yana shirin ajiye aikin ya rungumi kiɗa, inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, na tsakiya da mai bi masa. Shi kuwa bahago ne, da wannan hannun yake danna tsirkiya. Sai ya narka robar kwalbar sabulun wanke-wanke, ya ƙera wa yatsun 'yan huluna, ya goge su har suka zauna daidai, ya manna musu guntuwar fata don kada su riƙa zamewa. Ya koma amfani da siraran tsirkiyoyi, daga baya kuma ya sassauta ɗaurinsu don zafin danni ya ragu, abin da ya fito fili a kundin Master of Reality na 1971. Tsirkiyar da aka sassauta sautinta ƙasa yake yi, ya yi kauri. Dubban ƙungiyoyi masu yatsu lafiya lau sun bi wannan hanya daga baya.

A 2017 ita dai Rolling Stone ɗin ta fitar da jerin kundayen metal 100 da suka fi kowane. Na ɗaya shi ne Paranoid, kundi na biyu na Black Sabbath. Na biyar kuwa, wancan na farkon da ta kushe. Waƙar da aka sa wa Paranoid sunanta ma a gurguje aka haɗa ta don a cike gurbin 'yan mintuna da suka rage a faifai. Sai a 2006 aka shigar da ƙungiyar zauren karrama 'yan rok da ke Cleveland, shekaru kusan goma bayan ta cancanta. Mawaƙinsu Ozzy Osbourne ya rasu ranar 22 ga Yulin 2025, kwana 17 bayan wasan bankwana da suka yi a filin ƙwallon Villa Park, cikin unguwar da suka tashi.

A ganina ba kurumta ce ta dami masu sharhin farko ba, wurin zamansu ne. Yawancinsu 'yan boko ne na New York da San Francisco da Landan, waɗanda suka tashi da waƙoƙin Bob Dylan, suka saba auna kundi da baitocinsa kamar suna nazarin adabi. Kiɗan da ƙarfinsa ke cikin amon da ke dukan ƙirji ba shi da abin da zai ɗora a kan wannan ma'auni. Masu sayensa kuma yaran leburori ne da 'yan makarantar sakandare na ƙananan garuruwa, mutanen da marubucin bai taɓa zama da su ba. Shi kansa Bangs ya sassauta, domin a 1972 ya yi wa Black Sabbath dogon rubutu na mutunci a mujallar Creem.

Shin kun san cewa Led Zeppelin ma ba ta tsira ba? Kundinta na farko, na Janairun 1969, cikin awa 36 ko kusa da haka aka gama shi, Jimmy Page ya biya kuɗin situdiyo daga aljihunsa, fam 1,782. John Mendelsohn na Rolling Stone ya ce Page gwanin jita ne amma waƙoƙinsa ba su da laka, mawaƙi Robert Plant kuwa ihu kawai yake yi. Abin ya tsaya wa ƙungiyar a rai shekara da shekaru. Da aka sake yi wa kundinsu na uku tsiya a 1970, aka riƙa cewa talla ce kawai ke ɗaga su, sai suka yi abin da kamfaninsu Atlantic ya ɗauka haukar kasuwanci ne: kundi na huɗu ya fito a Nuwamban 1971 babu suna, babu sunan ƙungiya a bango, babu ko kalma ɗaya. Abin da ke jikin bangon hoton wani dattijo ne ya sunkuya, da damin itace a bayansa, an rataye hoton a jikin bango mai ɓarewa. A ciki kuma alamomi huɗu, kowane ɗan ƙungiya da tasa. An sayar da fiye da kwafi miliyan 30 a duniya. Sai a 2023 wani mai bincike ya gano asalin hoton a cikin wani tsohon littafin hotuna na 1892, aka ce dattijon mai yin jinka ne daga yankin Wiltshire.

Wanda ya sasanta su da mujallar yaro ne ɗan shekara 17, Cameron Crowe, da suka yarda ya bi su yawon wasa a 1975. Shi ne daga baya ya shirya fim ɗin Almost Famous na 2000, inda aka fito da Lester Bangs a matsayin ubangidansa, ya kuma ci Oscar a kan rubuta labarin.

Ga wasu a gurguje. A 1976 mai sharhin Rolling Stone Billy Altman ya ce da fitowar kundin High Voltage na AC/DC, 'yan Ostareliya, wannan salon kiɗa ya faɗi faɗuwar da bai taɓa yi ba. Shekara huɗu bayan nan suka saki Back in Black, wanda ake ƙiyasta an sayar da kwafinsa kimanin miliyan 50. Grand Funk Railroad, da masu sharhi suka mayar abin ba'a, ta sayar da tikitin filin Shea na New York kakaf cikin awa 72 a 1971, saurin da Beatles ma ba su yi ba a filin. Queen kuwa, wadda mawaƙinta Freddie Mercury haifaffen Zanzibar ne, Dave Marsh ya duba kundinta Jazz a 1979 ya zarge ta da ɗabi'ar 'yan kama-karya.

Ciniki dai ba hujja ba ne. An sayar da tarin shirme miliyan-miliyan, kuma wasu daga cikin waɗanda aka zaga sun cancanci zagin. Amma idan mutum ya yi kuskure iri ɗaya a kan salo ɗaya shekara goma a jere, ba za a ce tsautsayi ba ne.

Da 'yan metal suka gaji, sai suka buɗe tasu rumfar. A Yunin 1981 aka fara buga mujallar Kerrang! a Landan ƙarƙashin Geoff Barton, da hoton Angus Young na AC/DC a bango, ita kuma da harafin K take ba da maki, daga ɗaya zuwa biyar. Ta irin waɗannan mujallu, da 'yan takardun da masoya ke bugawa da kansu, da musayar kaset ta gidan waya, sunan Metallica ya bazu kafin rediyo ya san da ita. Kundinta Master of Puppets na 1986 ya kai mataki na 29 a Amurka ba tare da bidiyon talla ba. Shi ne kundin metal na farko da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa cikin rumbun sautukan da ƙasa za ta adana, an sanar da haka a 2016.

Shin ko kun san cewa karon farko da aka ba da lambar Grammy ta kiɗan metal, mai busa sarewa ne ya lashe ta? Daren 22 ga Fabrairun 1989 ne, a Los Angeles. Kowa ya sa ran Metallica ce, da kundinta ...And Justice for All, har ta hau dandali ta yi wasa a daren. Alice Cooper da Lita Ford suka buɗe ambulan, sai ga sunan Jethro Tull, tsohuwar ƙungiyar Ingila da aka sani da sarewar Ian Anderson, wanda yakan busa yana tsaye da ƙafa ɗaya. Zaure ya ɗauki ihun ƙin yarda. Su Jethro Tull ba su ma zo ba, domin kamfaninsu ya ce kada su ɓata kuɗin jirgi, ba za su ci ba. Bayan nan kamfanin ya buga talla cewa ai sarewar ma da ƙarfe aka yi ta, kuma tana da nauyi. Shekara na zagayowa aka raba rukunin gida biyu, aka ware na metal daban, Metallica ta ci nata a 1990. Da suka sake ci a 1992, mai gangarsu Lars Ulrich ya gode wa Jethro Tull da ba su fitar da kundi a shekarar ba. Wani abin dariya: Tony Iommi da kansa ya taɓa zama ɗan Jethro Tull na 'yan makonni a ƙarshen 1968, kafin ya koma wajen abokansa a Birmingham.

Wasu ba sa haɗiye fushi. A 1991 Axl Rose na Guns N' Roses ya sa waƙa sukutum a kundin Use Your Illusion II yana kiran 'yan jarida da sunayensu, yana cewa su fito a dambata. Bob Guccione ƙarami, mai mujallar Spin, wanda ya yi shekaru yana koyon kareti, ya ce ya amsa. Ba a yi damben ba.

Ko kun san akwai kundayen da kasuwa ta ƙi, masu sharhi kuma suka tono su daga baya? Kundin farko na Velvet Underground, na 1967, mai hoton ayaba da Andy Warhol ya zana, bai wuce mataki na 171 ba a Amurka, kuma mujallu da yawa ba su ko kula shi ba. A jerin kundaye 500 na Rolling Stone na 2003 shi ne na 13. Makaɗi Brian Eno ya taɓa cewa kwafin da aka sayar kaɗan ne, amma duk wanda ya saya sai da ya kafa ƙungiya. A nan masu sharhi sun yi aikinsu, ko da a makare.

A wannan shekarar ta 1967 duniya ta ruɗe da yabon Sgt. Pepper na Beatles, sai wani matashi ɗan shekara 22, Richard Goldstein, ya rubuta a New York Times cewa ado ya yi wa kundin yawa, ya rufe rashin waƙoƙin kirki. Wasiƙun zagi suka yi ta kwarara. Shekara 50 bayan nan ya bayyana cewa ɗaya daga cikin lasifikokin na'urar da ya saurari kundin da ita a lalace take. Duk da haka, Sgt. Pepper da ya zo na ɗaya a jerin Rolling Stone na 2003 ya gangaro na 24 da aka sabunta jerin a 2020, aka ba What's Going On na Marvin Gaye kambun. Ba a canza ko sauti ɗaya a faifan ba. Masu jefa ƙuri'a aka canza, aka ƙaro mata da baƙaƙen fata da matasa.

Shin ko kun san cewa a Legas Paul McCartney ya wanke sunansa a idon masu sharhi? Bayan watsewar Beatles, Jon Landau ya yi wa kundinsa Ram na 1971 wankin babban bargo a Rolling Stone. A 1973 McCartney ya zaɓi situdiyon kamfanin EMI da ke Apapa, yana zaton zai riƙa shan iska a bakin teku da rana, ya yi kiɗa da dare. Ana gab da tashi mutum biyu suka fice daga ƙungiyarsa Wings, aka rage shi da matarsa Linda da Denny Laine. Suka sauka cikin damina, suka tarar da situdiyon da kayan aikinsa ba su cika ba. Wani dare 'yan fashi suka tare shi da Linda da wuƙa, suka tafi da jakar da ke ɗauke da kaset-kaset na gwajin waƙoƙin, sai da ka ya sake tuno su. Fela Kuti ya fito fili ya zarge shi da zuwa satar kiɗan Afirka, har sai da McCartney ya kunna masa abin da suka naɗa ya ji da kunnensa. Waƙa ɗaya a situdiyon Ginger Baker, tsohon mai gangar Cream da ke zaune a Ikeja a lokacin, aka yi ta. Kundin shi ne Band on the Run, kuma Landau ɗin nan dai shi ya ce da wuya a samu wanda ya fi shi cikin duk abin da tsofaffin 'yan Beatles suka fitar. Ram ma ya farfaɗo: da aka sake buga shi a 2012, mujallar intanet ta Pitchfork ta ba shi 9.2 cikin 10.

Landau bai daɗe a kujerar sharhi ba. A 1974 ya kalli wasan Bruce Springsteen ya rubuta cewa ya ga makomar kiɗan rok. Kamfanin Columbia ya mayar da maganar talla, shi kuma ya zama mai shirya wa Springsteen kundi, daga baya manajansa. Kusancin marubuta da mawaƙa tsohuwar cuta ce a wannan sana'a. Jann Wenner, wanda ya kafa Rolling Stone a 1967, ya kori Lester Bangs a 1973 saboda rashin ladabi ga mawaƙa. A 1996 Jim DeRogatis ya kushe sabon kundin Hootie & the Blowfish, aka cire rubutunsa aka sa mai laushi, ya yi ƙorafi a wata jarida, aka sallame shi. A 2001 kuwa Wenner ya ɗauki alƙalami da hannunsa ya ba kundin abokinsa Mick Jagger, Goddess in the Doorway, tauraro biyar cif. Ba kowa ke tuna kundin ba yanzu, amma ana tuna taurarin.

Ko kun taɓa jin sharhin kundin da babu shi? A 1969 Greil Marcus ya ɓoye sunansa ya rubuta a Rolling Stone cewa Dylan da Jagger da Lennon da McCartney sun haɗu a asirce sun yi kundi da sunan The Masked Marauders. Ba'a yake yi wa yayin haɗa taurari. Mutane suka cika shaguna suna nema. Da abin ya kai haka, aka ɗauko wasu makaɗa na Berkeley suka kwaikwayi muryoyin, kamfanin Warner ya biya dala 15,000, aka sayar da fiye da kwafi 100,000. A 2008 kuma mujallar Maxim ta ba kundin Warpaint na Black Crowes tauraro biyu da rabi, alhali ba a bai wa kowa cikakken kundin ya saurara ba tukuna. Sai da ta ba da haƙuri.

Nevermind na Nirvana, wanda ya ture Dangerous na Michael Jackson daga mataki na ɗaya a Janairun 1992, tauraro uku Rolling Stone ta ba shi; a jerin 2020 shi ne na 6. Kamfaninsu ma bai yi tsammani ba, kwafin farko da ya aika shaguna bai kai 50,000 ba. Pinkerton na Weezer ya fi shan wuya. A 1996 masu karanta mujallar, ba marubutanta ba, suka zaɓe shi na uku a cikin kundayen da suka fi muni a shekarar, har mai waƙoƙin Rivers Cuomo ya riƙa jin kunyarsa. A 2004 mujallar ta sake duba shi ta ba shi tauraro biyar.

Amma labarin da ya fi nuna halin masu sharhi shi ne na Oasis, 'yan Manchester. Da kundinsu na biyu, (What's the Story) Morning Glory?, ya fito a Oktoban 1995, manyan mujallun Birtaniya suka karɓe shi da sanyin jiki, suka ce bai kai na farko ba. Jama'a suka saye shi fiye da kwafi miliyan 20 a duniya. A Agustan 1996 ƙungiyar ta tara mutum 250,000 a Knebworth cikin dare biyu, waɗanda suka nemi tikiti kuwa sun kai miliyan biyu da rabi. Marubuta suka ji kunya. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Da na uku, Be Here Now, ya zo ranar 21 ga Agustan 1997, kusan babu wanda ya yi ƙarfin halin cewa uffan. Mujallar Q ta ba shi tauraro biyar, sauran suka bi sahu, ga shi kuma an sa 'yan jarida sun rattaba hannu kan sharuɗɗa masu tsauri kafin a bari su saurara. An sayar da kwafi 424,000 a ranar farko a Birtaniya kaɗai. Kafin 'yan watanni mutane suka gane abin da suka saya: minti 71, waƙoƙi masu jan jiki har minti bakwai da tara, jita a kan jita har kunne ya gaji. Noel Gallagher, wanda ya rubuta waƙoƙin, shi ya fi kowa kushe shi daga baya, ya ɗora laifin a kan hodar iblis da rashin mai ce musu a'a. Sau biyu a jere masu sharhi suka kuskure wa ƙungiya ɗaya, kuma na biyun ya fi muni, domin na farko ra'ayinsu suka faɗa, na biyu tsoronsu.

Da intanet ta zo, sai iko ya koma hannun Pitchfork, wadda Ryan Schreiber ya kafa a Minneapolis a tsakiyar shekarun 1990, mai ba da maki daga 0.0 zuwa 10.0. Ta ba Kid A na Radiohead 10.0 a 2000, a lokacin da Melody Maker ta Landan ta ba shi ɗaya da rabi cikin biyar. Makin 9.7 da ta ba Funeral na Arcade Fire a 2004 ya sa ƙaramin kamfaninsu ya rasa kwafin da zai kai shaguna. Ta kuma iya wulaƙanci: sharhinta kan kundin Shine On na Jet a 2006 babu kalma ko ɗaya, bidiyon biri ne yana ƙazanta. Liz Phair ta samu 0.0 a 2003. Marubucin ya nemi gafararta a bainar jama'a a 2019, a 2021 kuma aka mayar da makin 6.0. Andrew W.K. ya tashi daga 0.6 a 2002 zuwa 8.6 a 2012, kundi ɗaya, I Get Wet.

A 2013 har aka wayi gari kundin metal, Sunbather na Deafheaven mai bango ruwan hoda, ya zo kan gaba wajen samun yabo cikin manyan kundayen shekarar a ƙididdigar Metacritic. Wannan karon 'yan gani-kashe-nin metal ne suka yi tawaye, suka ce ba nasu ba ne.

Shin ko kun san cewa ɗaya daga cikin masu jitar da mujallun rok na Yamma suka fi yabo a 'yan shekarun nan, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko? Mdou Moctar, Ba'abzine daga Nijar, bahago kamar Iommi, ya ƙera jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, bayan ya ga wasan Abdallah Oumbadougou. A 2008 ya yi kundin Anar a Sakkwato, da irin gyaran murya na kwamfuta da aka sani a waƙoƙin fina-finan Hausa. Babu mujallar da ta duba shi. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin memori, har suka faɗa hannun Ba'amurke Christopher Kirkley a Mali, wanda ya sa ɗaya a tarin da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar, ya kuma bi sawu har ya gano mai ita. Da Afrique Victime ya fito a kamfanin Matador na New York a 2021, ya shiga jerin kundayen shekara na jaridu da mujallu da dama. Abin da nake lura da shi, da wuya sharhi ya ƙare ba a kira Jimi Hendrix ko Eddie Van Halen ba. Yabo ne, amma tsohon halin ne dai: kowa da ma'aunin gidansu yake zuwa. Kiɗan da ya girma a bukukuwan aure na Agadas yana da nasa iyayen. Ɗan'uwansa a sana'a, Bombino, shi ne ɗan Nijar na farko da aka sa cikin 'yan takarar Grammy, da kundin Deran a 2019, Tinariwen ta Mali kuwa ta ci lambar tun 2012 da Tassili.

Mu koma kan Metallica, domin ita ce ta juya labarin. A 2003 ta fitar da St. Anger. Ulrich ya kwance wayoyin da ke ƙarƙashin ƙaramar gangarsa, sai ta riƙa ƙarar ƙarfe, ƙwal-ƙwal-ƙwal, daga farkon kundi har ƙarshe, kuma babu inda aka bar mai jita ya baje kolinsa shi kaɗai. Rolling Stone ta ba shi tauraro huɗu, Grammy ta ba waƙar da ke ɗauke da sunan kundin lamba, masoya kuwa har yau ba su yafe gangar ba. A 2011 suka haɗa kai da Lou Reed, jagoran Velvet Underground, suka yi Lulu, kusan minti 90 na dattijo yana karanto baitoci a kan kiɗa mai nauyi, an ɗauko labarin daga wasannin kwaikwayon Bajamushe Frank Wedekind. A nan ne masu sharhi da masoya suka yi baki ɗaya: Pitchfork ta ba shi 1.0, kwafi wajen 13,000 aka sayar a makon farko a Amurka. Reed bai damu ba, ya saba. Kundinsa Berlin na 1973 Rolling Stone ta kira shi bala'i, a 2003 ta sa shi na 344 cikin 500. Metal Machine Music na 1975, fiye da awa guda na kukan lasifika ba waƙa ba ganga, masu saye suka riƙa mayar da shi shago, Lester Bangs kuma ya rantse babu kamarsa. Reed ya rasu a Oktoban 2013. A 2015 matarsa Laurie Anderson ta faɗa wa taron zauren karramawa cewa David Bowie ya gaya mata Lulu ne aikin Reed mafi girma, a dai ba mutane lokaci kamar yadda aka ba su a kan Berlin. Ni dai da gangar St. Anger da Lulu, in dole ne sai na zaɓa, Lulu zan sake kunnawa.